Wa Ya Haifi Kakanka? Labarin Dorugu Da Abbega

Cikin yawon da na ke yi ƙauye ƙauye saboda aikin gona, akwai wata tambaya da na kan yi wa samari in mun zauna hira da dare. Na kan ce, "Wa ya haifi kakanka?" Yawancinsu sai su yi dariya, su ce ai wannan sai tsofaffi. In na ce to, mu tashi mu je wurin tsofaffin, sai a ce mini wanda ya sani ya rasu bara, ko bara waccan.

'Yan'uwa, wannan ba abin dariya ba ne. Ran da rigimar iyakar gona ta tashi, mai unguwa ba zai tambaye ka dami nawa ka ke samu ba. Zai tambaya wa ya sare dajin, wa ya bar kukar nan ta kan iyaka, kuma aro aka ba kakanku ko kyauta. Gidan da ba shi da amsa, ya kan rasa gonarsa yana ji yana gani. Ban da gona ma akwai maganar gado, da aure, da zumunta.

Ni ma da na ke wannan magana ban kuɓuta ba. Kakata ta wajen uwa tana da tsaga a fuska wadda ba irin ta garinmu ba ce. Na tafi kwalejin horon malamai, na haddace sunayen sarakunan ƙasashen da ban taɓa gani ba, ta rasu ban taɓa zama na tambaye ta inda aka yi mata tsagar nan ba.

Waɗansu gidaje kuwa ba mantuwa ce ta rufe musu baki ba, kunya ce. Sun ji ƙishin-ƙishin cewa kakansu bawa ne aka kamo shi, sai suka binne maganar. Saboda haka na ke so in ba ku labarin waɗansu yara biyu da aka sayar a Barno shekara fiye da 170 da suka wuce. Yau an san labarin gidajensu fiye da na 'ya'yan sarakuna da yawa na zamaninsu. Ku lura da yadda aka yi aka sani, gama hanyar nan kowa zai iya binta.

Ɗan makaɗi daga Dambanas

Na farkon sunansa Dorugu. An haife shi wajen shekarar 1840 a wani ƙauye da a ke kira Dambanas, kusa da Kance, cikin ƙasar Damagaram, watau a Jamhuriyar Nijar ta yau. Sunan ubansa Adamu, a kan kuma kira shi Kwage. Makaɗi ne, yana kuma noma 'yar gonarsa. Sunan uwarsa Kande, yana da ɗan'uwa mai suna Hakurau. Talakawa ne kamar ni da kai. Ba su da maroƙi, ba su da magatakarda.

A zamanin nan Damagaram tana bin Shehun Barno, harin kama bayi kuwa ba ya ƙarewa. Harin nan ya watsa gidan Adamu. Aka kama Dorugu yana yaro, aka kai shi birnin Damagaram, daga nan ya yi ta wucewa daga hannu zuwa hannu har ya sami kansa a Kukawa, babban birnin Barno, zamanin Shehu Umar.

A Kukawa akwai waɗansu Turawa biyu mutanen Jamus, waɗanda Gwamnatin Ingila ta aiko su duba ƙasa. Sun taso daga Tarabulus a 1850, suka ratsa hamada. Ɗaya shi ne Dokta Barth, wanda mutanen ƙasar nan suka sani da suna Abdulkarim. Ɗayan kuwa Overweg, ana ce masa Tabib, watau mai magani. Shi ne ya shiga Tafkin Cadi da wani jirgin ruwa da aka ɗauko gunduwa gunduwa bisa raƙuma tun daga bakin bahar. Tabib ɗin nan ne ya fanshi Dorugu, ya 'yanta shi. Ya kuma fanshi wani saurayi ɗan ƙabilar Margi, daga kudancin Barno, mai suna Abbega, wanda ya ɗan girme wa Dorugu. Shi ne yaro na biyu cikin labarinmu.

Ba a daɗe ba zazzaɓi ya kama Tabib, ya rasu a Maduwari, bakin tafki, ran 27 ga Satumba, 1852, yana da shekara 30. Sai Abdulkarim ya ɗauki yaran biyu cikin barorinsa.

Inda aka samo shekarun

Kafin mu ci gaba, bari mu tsaya mu yi tambaya. Ta yaya aka san ranar nan, har da wata da shekara? Dorugu, sa'ad da ya ba da labarinsa, ya ba da shi kamar yadda kakanninmu ke bayarwa: muka tashi, muka kwana, muka isa gari kaza, aka yi mana kaza. Ba ya lissafi da shekarun Turawa. Abdulkarim kuwa kullum yana rubuta ranar da ya sauka a kowane zango. Da masana suka ajiye labarin yaron kusa da littafin Baturen, sai kowane gari da yaron ya ambata ya sami ranarsa.

Ta haka muka san sun bar Kukawa cikin Nuwamba, 1852, suka yi yamma. Suka biyo ta Damagaram, ƙasar su Dorugu, cikin Disamba. Suka wuce Katsina, suka isa Wurno wurin Sarkin Musulmi Aliyu Babba, suka bi ta Gwandu, suka haye Kwara a Sayi cikin Yuni, 1853. Ran 7 ga Satumba, 1853, suka shiga Tambutu. Can suka zauna wata da watanni cikin hatsari, Shaihu Ahmadu Bakkayi ne ya tsare su. Suka juyo a 1854, suka bi ta Kano suka koma Kukawa. A 1855 suka ratsa hamada zuwa Tarabulus, suka shiga jirgin ruwa, cikin Satumba na shekarar nan suka sauka Landan. Har hotunan yaran biyu, waɗanda aka zana da hannu, suna nan cikin littattafan tafiyar Abdulkarim guda 5 da aka buga a 1857 da 1858.

Ku riƙe wannan dabara. Bakin tsoho yana da labari amma ba shi da shekara. Takarda tana da shekara amma sau da yawa ba ta da labari. In ka haɗa su sai ka sami tarihi.

Abin da yaro ya faɗa aka rubuta

Niyyar Abdulkarim ita ce ya mai da yaran gida. Amma a Ingila akwai wani ma'aikacin mishan na C.M.S., Rabaran Schon, wanda ya zo Kwara a 1841 tare da Samuel Ajayi Crowther, ya ɗan koyi Hausa, yana neman Bahaushen da zai ƙara koyo a wurinsa. Ya ɗauki yaran zuwa gidansa a 1856, abin da ya jawo saɓani tsakaninsa da Abdulkarim. A can aka koya musu karatu da rubutu, aka yi musu baftisma.

Schon ya zaunar da Dorugu, yana da shekara kamar 16 ko 17, ya ce ya faɗi labarinsa tun daga farko. Yaron yana faɗa da Hausarsa ta Damagaram, dattijon yana rubutawa. Ya faɗi sunan ƙauyensu da na iyayensa, da yadda aka kama shi, da garuruwan da ya gani, har da yadda Turawa ke zama cin abinci, abin da ya ba shi mamaki ƙwarai. Ya kuma ba da tatsuniyoyi. An buga waɗannan cikin littafin da a ke kira Magana Hausa a 1885. Yana cikin labarai na farko da Bahaushe ya bayar game da ransa aka buga su da boko.

Da taimakon Dorugu kuma Schon ya yi littafin nahawun Hausa na 1862 da ƙamus na 1876, ya kuma juya Bisharar Matiyu zuwa Hausa a 1857. Ku tuna da abin da ke cikin sura ta fari ta Matiyu. Jerin kakanni ne, wane ya haifi wane. Cikin jerin nan har da baƙi irin su Rahab da Rut, ba a ɓoye su ba.

Dorugu ya yi shekara 8 a gidan Schon, ya komo ƙasar nan a 1864. Ya zauna a ƙasar Nufe yana aikin tafinta. Da tsufansa, sa'ad da Ɗan Hausa ya buɗe makarantar boko a Nasarawa ta Kano a 1909, Dorugu yana cikin malaman da suka koyar a wurin. A Kano ya rasu a 1912. Matar Ɗan Hausa ta rubuta labarin rasuwarsa. Cikin kayan da ya bari aka tarar da tabarau da yawa, da kuɗi, da cokulan azurfa masu ɗauke da sunan Barth. Shekara fiye da 50 yana ajiye da su.

Da Dorugu ya ji kunyar bautar da ya yi ya rufe bakinsa, da sunan Adamu makaɗi da na Kande sun ɓace tare da dubban waɗanda harin nan ya cinye. Yau ga mu muna kiran sunansu.

Jikan da ya koma ƙasar kakansa

Labarin Dorugu ya nuna mana baya, watau iyayensa. Na Abbega kuwa gaba ya nuna, watau zuriyarsa.

Abbega bai daɗe a Ingila ba. A 1857 ya komo tare da ayarin da ya hau Kwara, wanda Crowther ke ciki. Ya zauna a Lakwaja, inda Kwara da Binuwai suka haɗu, ya yi aikin tafinta, ya yi iyali. Daga baya ya koma Musulunci. Yaron nan da aka saya a Kukawa shi ne ya zama sarkin Lakwaja daga 1896 zuwa 1904.

Wata 'yar Abbega ta auri wani mutumin Jega, suka haifi ɗa a 1874, wanda aka sani da suna Maimaina. Yaron ya girma a Lakwaja, a gidan kakansa. Ya shiga aiki da Kamfanin Neja, wanda ke riƙe da bakin Kwara kafin Gwamnatin Ingila ta karɓa a 1900. Ya zama tafinta kuma ɗan aike na Turawa sa'ad da su ke cin ƙasar Arewa, aikin nan ya kai shi Barno a 1902. A 1913 aka naɗa shi hakimin ƙasar Margi. Daga baya ya zama Sarkin Askira, a kudancin Barno, ya daɗe bisa sarauta har rasuwarsa a 1964, sarautar kuma ta zauna a gidansa.

Ku duba wannan al'amari. An fitar da kaka daga ƙasar Margi yana bawa, jikansa ya koma ƙasar yana sarki. Zaren nan ya ratsa Kukawa, da Tambutu, da Landan, da Lakwaja, da Jega, sa'an nan ya komo inda ya fara. Dalilin da ya sa bai tsinke mana ba shi ne Maimaina ma ya ba da labarinsa da Hausa, hukumar NORLA ta Zariya ta buga shi a 1958 da suna Labarin Maimaina Na Jega, Sarkin Askira. A 1971 waɗansu masana biyu, Kirk-Greene da Paul Newman, suka juya labarin Dorugu da na Maimaina zuwa Turanci, suka haɗa su cikin littafi ɗaya.

Ba kome cikin labarin gidan nan ne zai gamshi kowa ba. Wani zai ce don me Abbega ya sake addini. Wani zai ce don me Maimaina ya yi wa masu cin ƙasa aiki. Amma haka abin ya faru, haka kuma aka rubuta. Wanda ya tona asalin gidansa zai sami abin alfahari, zai kuma sami abin da zai sa ya sunkuyar da kai. Duka biyu nasa ne.

Yadda za ka yi a gidanku

Ba sai Bature ya zo ya zaunar da kakarka ba. Littafin rubutu na 'yan makaranta guda ɗaya da biro sun isa. Ga shawarata.

1. Fara da tsofaffin mata. Maza sun fi sanin gona da sarauta da yaƙi, amma mata su ne suka san wa ya auri wa, wa ya sha nonon wa, wace ce aka kawo daga wani gari. Ka je da ɗan goro, lokacin da babu taro. Kada ka yi gaggawa, kada kuma ka katse ta. Ka tuna tsohuwa ba za ta kama sunan mijinta ko na ɗanta na fari ba saboda kunya, sai ka nemi waɗannan a bakin wani.

2. Rubuta sunaye duka, na yanka da laƙabi da kirari, gama suna kansa shaida ne. Kande, kamar uwar Dorugu, mace ce da aka haifa bayan maza. Tanko namiji ne bayan mata. Gambo ya biyo tagwaye. Audi an haife shi bayan rasuwar ubansa. Nomau lokacin noma ya zo duniya. Ajuji ko Ayashe kuwa, ka san uwar ta yi ta binne 'ya'ya kafin wannan ya tsaya. Daga sunaye kaɗai za ka iya jera 'ya'yan ɗaki ɗaya.

3. Ɗaura labari a jikin abin da aka san shekararsa, kamar yadda aka ɗaura na Dorugu a jikin littafin Abdulkarim. Kada ka ce wa tsoho, "A wace shekara?" Ka ce, "Baba, lokacin nan an yi abu kaza ko tukuna? Kana goye, ko ka isa kiwo, ko ka yi aure?" Ga waɗansu turaku: Turawa sun ci Kano da Sakkwato a 1903. Yaƙin Satiru 1906. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Babbar yunwa 1913 zuwa 1914. Annobar mura 1918. Yaƙin Hitila, wanda aka kai sojanmu Bama, 1939 zuwa 1945, cikinsa ne kuma aka yi diban gwamna zuwa haƙar kuza a Jos. Zuwan Sarauniya 1956. Mulkin kai 1960. Komawa tuƙi hannun dama 1972. Canjin kuɗi daga fam da sule zuwa naira da kwabo 1973, lokacin babban fari ke nan. Tsofaffin yau ba su ga na farkon da idonsu ba, amma sun ji iyayensu suna lissafi da su.

4. Dubi abin da ido ke gani. Tsagar fuska, ko a tsohon hoto ne, ta kan nuna ƙasar da mutum ya fito. Ka je kufan garinku na dā da makabarta. Ka sa dattijo ya zaga da kai iyakar gona, ya nuna maka kuka da ɗorawa da tsamiyar da aka yi alama da su, ka rubuta a gaban maƙwabcin gonar. Ka tambayi asalin tsohuwar ganga, ko uwar maƙera, ko irin dawar da gidanku kaɗai ke shukawa. Cokulan Dorugu ma shaida ne.

5. Nemi takardu. A duba ƙasan adaka: rasit na haraji, katin baftisma, takardar aure, takardar sallama ta soja, da bangon littafin da uba ya kan rubuta haihuwar 'ya'yansa. Tsofaffin tashoshin mishan suna da littattafan rajista. Gidan ajiyar takardun tarihi na Gwamnati a Kaduna yana da rahotannin da Turawan mulki suka rubuta a kan gundumomi, da asalin ƙauyuka da masu sarautarsu. Wanda a ke zaton kakansa bawa ne, ya riƙe shekaru biyu: dokar 1901 ta ce duk yaron da aka haifa bayan ƙarshen Maris na shekarar nan ɗa ne, a 1936 kuma aka soke bauta gaba ɗaya a Arewa. Yaran da aka ƙwato daga hannun fataken bayi, an tara waɗansu a gidan 'yantattu na Zungeru, a 1909 aka miƙa su ga mishan na S.U.M. a Rumasha.

6. Ji daga baki biyu ko uku. In maganarsu ta saɓa, kada ka zaɓi wadda ta fi maka daɗi. Rubuta duka, ka sa sunan wanda ya faɗa da ranar da ya faɗa. Jikanka ya yiwu ya sami abin da zai raba gardamar.

7. Kada ka yi wa labari kwalliya. Kowane gida so ya ke a ce daga Gabas ya fito, kakansa kuma ɗan sarki ne da aka hana gadon sarauta. In kakanku mafarauci ne, ko maƙeri, ko bawa, rubuta haka. In an ba ka wata magana cikin amana wadda za ta tozarta mai rai, ka riƙe amana.

8. Yi kwafi. Wayar hannu tana ɗaukar murya, wannan kuwa taimako ne babba, amma waya ta kan ɓace ko ta lalace. Ka juya abin da ka ɗauka cikin littafi, ka yi kwafi 3, ka raba gida 3, saboda gara da gobara da ɗigar ruwa.

In ka gama, ka karanta wa dangi ran da aka taru, ko Kirsimati ko Salla ko wurin biki. Za ka ga tsofaffi suna gyara maka, suna ƙara abin da suka manta. A gidaje da yawa na ƙasarmu, in aka hau sama tsara 3 ko 4, sai a tarar mai zuwa masallaci da mai zuwa majami'a kaka ɗaya ya haife su. Yaran da suka ji wannan da kunnensu, da wuya wani ya zuga su su ƙone rumbun juna.

Hausawa sun ce waiwaye adon tafiya. Lokacin da ya dace shi ne rani, in an gama kaka, amfani ya shiga rumbu, hira ta yi tsawo. Irin shuka in ya ƙare a gidanka ka kan samu wurin maƙwabci. Abin da ke cikin kan tsohuwar gidanku babu shi a wurin kowa. Kada ka yi irin tawa, ka bari sai baɗi.

Allah ya ja kwanan tsofaffinmu, ya ba mu kunnen saurare.